Maigidana ya daina fita kasuwa, 'yan'uwansa sun ce jifa aka yi masa

Wata baiwar Allah ce ta turo wannan saƙon daga Gombe, na ɗan taƙaita shi:

"Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Shekararmu 11 da aure, yaranmu huɗu. Maigidana ɗan kasuwa ne, hatsi yake saya yana sayarwa a Tudun Hatsi. Bara ya zuba jarinsa kaf har da kuɗin mutane ya sayi masara ya ajiye, sai farashi ya karye ya tafka asara. An biya bashin, yayansa ne ya tsaya masa, har wani jarin ya sake ba shi. Amma yau wata huɗu kenan mutumin nan ya koma wani daban. Ba ya fita kasuwa, abinci yadda aka kai masa haka ake ɗaukewa, duk ya rame. Ƙarfe uku na dare zai farka ya zauna bakin gado har asuba. Yana cewa tsakiyar kansa na zafi, wani abu na masa yawo a jiki. An yi ta masa maganin taifot da maleriya a kemis ba sauƙi. Mutumin da jam'i ba ya wuce shi yanzu sallar ma sai na yi ta fama. 'Yan'uwansa sun ce jifa ne daga abokan kasuwa, an yi ruƙiya an sha rubutu, wasu ma har sun fara cewa ni ce. Shekaranjiya ya ce min da ya mutu da mun huta da shi. Anti abokansa da suka fi shi asara suna nan suna harkarsu, shi me ya sa? Jifan ne ko me? Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Allah Ya saka miki da alheri, don wata huɗu kina ɗauke da wannan nauyin ga yara huɗu ga kuma bakin mutane, ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in fara da maganar shekaranjiya don ita ce ba ta jira. Duk mutumin da ya kai ga cewa da ya mutu da iyalinsa sun huta, to a ɗauki maganarsa da gaske, kar a ce ai ɓacin rai ne kawai ko yana neman a tausaya masa. Yau ɗin nan in yara sun yi bacci ki zauna kusa da shi, ba faɗa ba wa'azi, ki ce masa maganar da ka yi rannan ta tsaya min a rai, dan Allah ka faɗa min gaskiya, kana tunanin yi wa kanka wani abu ne? Na san za ki ji bakinki ya yi nauyi, za ki ji tsoron kar ki zama ke kika saka masa tunanin, to likitocin da suka yi bincike a kan wannan sun tabbatar tambaya ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi, yawanci ma sauƙi yake ji don an ba shi ƙofar magana. In ya ce eh, ko ya yi shiru ya sunkuyar da kai, kar a sake barinsa shi kaɗai a ɗaki na tsawon lokaci, a samu ƙaninsa ko wani ɗan'uwa ya riƙa kwana a gidan. Sannan tun kafin ma ki tambaye shi, duk wani maganin ƙwari da ke gidan ki fitar da shi, kuma kin fi ni sanin gidan mai harkar hatsi ba ya rasa irin maganin nan da ake sa wa buhuna, har da fiya-fiya da ragowar ƙwayoyin kemis ɗin da aka tara, ki kai gidan yayansa ko wani wuri da shi bai sani ba. Irin wannan tunanin yakan taso da ƙarfi ne na ɗan lokaci ya lafa, in a lokacin ba komai a kusa da hannunsa sau da yawa shikenan an tsira.

Yanzu tambayarki, jifa ne ko me. Ni ban ga maigidanki ba, kuma likitan da ya zauna da shi ne kaɗai zai yanke hukunci, amma wallahi abin da kika zayyano tiryan-tiryan alamomin ciwon damuwa mai tsanani ne, kamar kin buɗe littafin likitoci kina karantowa. Ƙa'idar da suke bi ita ce mutum ya yi aƙalla sati biyu kusan kullum, kusan duk yini, yana cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abubuwan da a da yake so, sai kuma a haɗa da wasu: bacci ya lalace, cin abinci ya ragu ko ya yi yawa, kasala, kasa tsayar da hankali, ganin kansa ba shi da amfani ko ɗora wa kansa laifin komai, da tunanin mutuwa. Shi wata huɗu ya yi, ba sati biyu ba. Farkawar nan ta ƙarfe uku da kika ambata sananniya ce sosai a wannan ciwon, mutum ya farka awa biyu ko uku kafin lokacinsa baccin ya ƙi dawowa, kuma ki lura za ki ga da safe ya fi shiga mawuyacin hali, can wajen la'asar zuwa magariba sai ya ɗan sake har ya amsa gaisuwa. Zafin tsakiyar kai da abu na yawo a jiki kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan sun daɗe da lura cewa mutanenmu ta jiki suka fi kawo ƙorafin wannan ciwon. Ba magidancin da zai je gaban mai kemis ya ce raina ne a ɓace, cewa zai yi kaina, bayana, jikina ba ƙarfi, sai a ce taifot, a ɗaura masa ruwa a yi allurai, bayan sati biyu a koma gidan jiya.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, ko kusa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, wajen kashi 5 cikin 100 na manya. A rahoton da ta fitar a 2017 ta ce a Najeriya kaɗai sun kai wajen miliyan 7. Mata sun fi maza kamuwa, musamman lokacin ciki da bayan haihuwa, amma in aka zo maganar kashe kai maza ne suka fi, sun ninka mata fiye da sau biyu a faɗin duniya, kuma sama da mutum 700,000 ne ke rasa ransu ta wannan hanyar duk shekara. Ni a ganina abin da ke cin mazanmu shi ne shirun nan, an taso da yaro ana ce masa namiji ba ya kuka, namiji ba ya kai ƙara, to ya girma ya zama maigida mai ciyar da mutum goma, wa zai je ya ce wa na gaza? Hukumar ta kuma ce a ƙasashe irin namu sama da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani ko kaɗan. A layinku ma na tabbata akwai wanda ake cewa ya cika miskilanci ko ya zama malalaci, alhali ciwon nan ne ke cin sa.

Sai tambayar da na ga ta fi damunki, wai abokansa sun fi shi asara amma suna nan garau. Kin ga ruwan watan Agusta guda ɗaya ne yake dukan duk katangun unguwa, amma wadda ke da tsaga a gindi ita ke zubewa, kuma mai wucewa ba ya ganin tsagar. Asarar masarar ita ce ruwan. Tsagar kuwa abubuwa ne da yawa da ke haɗuwa. Akwai gado: binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da kaso wajen 40 cikin 100 a wannan ciwon, kuma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa yi, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku. Ki ɗan bincika cikin hikima wajen tsofaffin gidansu, za ki iya jin an ce ai kawu wane ma ya taɓa shekara a ɗaki, ko gwaggo wance bayan wata haihuwa ta daina magana aka ce iska ce. Akwai abin da mutum ya gani tun yana yaro, maraici da wuri, duka da wulaƙanci, tashi a hannun da ba tausayi. Akwai halin mutum shi kansa, wani in abu ya same shi ya yi kwana biyu ya watsar, wani kuma mai zurfin ciki ne mai tsananin gudun abin kunya, zai yi ta juya abu ɗaya a ransa dare da rana. Kuma ki lura, kuɗin mutane ne ya salwanta a hannunsa. A kasuwa irin ta hatsi mutum da amanarsa yake cin abinci, a ba ka buhu ɗari da baki ba takarda. Yayansa ya biya kuɗin, amma ranar da ya tsaya gaban masu bin sa bashi ya kasa haɗa ido da su, wannan ba wanda ya biya masa. Ina kyautata zaton ita ce take tashin sa ƙarfe uku.

Akwai kuma ciwukan jiki da ke jawo shi ko su yi kama da shi, ciwon suga, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ƙarancin jini, da raunin wata halitta da ke maƙogwaro wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Shi ya sa in kun je asibiti za su iya cewa a yi gwajin jini da na suga da awon hawan jini, kar ki ga kamar ɓata kuɗi ne.

Maganar biyan bashi bai sa ya warke ba, haka ciwon yake. Da zarar ya kama, to ya taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa bacci da yunwa da kuzari da jin daɗi, ko an kawar da abin da ya tayar da shi, shi ciwon ya riga ya zauna da gindinsa. Shi ya sa "ai an biya, me kuma ya rage" ba ta yi masa komai sai ƙara masa jin shi butulu ne.

Sallar da kike fama da shi a kai, dan Allah kar ki fassara ta da raunin imani, kuma kar ki bari wani ya faɗa masa haka a gabanki. Mutumin da shekara 11 kina ganin jam'i ba ya wuce shi ba a wata huɗu zai zama wani ba, jikin ne ya yi masa nauyi, alwala kaɗai sai ya ji kamar an ce ya yi dakon buhu. Annabi Yaƙub, Annabi ne guda, baƙin cikin rabuwa da Yusuf sai da ya sa idanunsa suka yi fari, yana nan a Suratu Yusuf aya ta 84. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Kuma tun sama da shekara dubu da suka wuce wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya yi rubutu ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ya danne shi ba wani dalili a fili, ya ce shi wannan na biyun tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani irin na jiki. Ba Turawa ne suka ƙirƙiro mana ciwon nan ba. Ni ba zan ce ku bar addu'a ba, Allah Ya kiyaye, a ci gaba da karanta masa Alƙur'ani, ki riƙa tuna masa addu'ar da Manzon Allah (SAW) yake yi ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Amma shi ɗin dai ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, kuma ya yi umarni a nemi magani. Abin da ba zan yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a kai shi inda za a ɗaure shi da mari ko a doke shi wai ana fitar da aljani, ko a yi masa hayaƙin da zai shaƙe shi, ko wani ya karɓe jarin nan da yayansa ya ba shi da sunan karya sihiri. Duk wanda ya kawo wannan shawarar ki tsaya tsayin daka ki ce a'a.

In aka bar shi haka fa? Wani yakan fita da kansa bayan watanni masu yawa, wani har shekara ko fiye, amma kafin nan an yi ɓarna. Kwastomomi sun koma wajen wasu, jari ya narke a cefane. Wani garin neman bacci ko ƙarfin jiki abokai su koya masa tiramol ko kodin ko ƙwayar bacci, ciwo ɗaya ya zama biyu. Mai suga ko hawan jini ya daina shan maganinsa. Aure da yawa a nan suke mutuwa, mace ta ga miji ya juya mata baya a shimfiɗa, ba hira ba fara'a, ta ɗauka ya daina sonta ne ko yana neman wata, alhali ɗaukewar sha'awa na cikin ciwon. Yara su tashi suna raɓe-raɓe a gidan ubansu. In ya yi tsanani sosai har yakan kai mutum ga yarda da abin da ba shi ne ba, ya dage shi ya talauce har abada ko ga kuɗi a gabansa, ko ya ce zunubinsa ya fi ƙarfin gafara, ko ya riƙa jin muryoyi, ko ya ƙi ci ya ƙi sha gaba ɗaya. Ƙarshensa kuma shi ne abin da na fara da shi.

To ga yadda nake ganin za ki ɓullo wa abin. Ke kaɗai ba za ki iya kai shi asibiti ba, kuma da zargin da ake miki in kika ce likitan ƙwaƙwalwa da bakinki za a ce kin fara haukata musu ɗan'uwa. Ki bi ta wajen yayansa. Mutumin da ya biya bashin ƙaninsa ya sake ba shi jari yana sonsa da gaske. Ki same shi shi kaɗai ko tare da matarsa, ki ce Yaya ga maganar da ƙaninka ya faɗa min shekaranjiya, ki maimaita masa ita yadda take kar ki rage komai, ki ce ni tsoro nake ji, ruƙiya muna yi ba mu daina ba, amma dan Allah mu haɗa da asibiti. Shi kuma maigidan a ce masa za a je a duba rashin baccin da ramar da zafin kan, kuma gaskiya ce ba yaudara ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka ma Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, akwai kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri in ta kama. Ku yanki kati ku fara ganin likitan da ke duba kowa da kowa, shi zai tura ku. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka za a iya ba ku rana mai nisa, to ki buɗe baki ki ce ya yi maganar mutuwa, wannan kalmar tana sa a gan shi da wuri. Kuma ki roƙi yayan ya shiga ɗakin likitan tare da ku ya ji da kunnensa, shi zai je ya kashe bakin masu cewa ke ce, ba sai kin yi musu da kowa ba.

Kafin ku je ki rubuta a takarda yaushe abin ya fara, ƙarfe nawa yake farkawa, me yake ci, duk magungunan da aka ba shi a kemis har da na gargajiya. Ki kuma tuna ko ya taɓa yin wani lokaci da ya zama akasin haka, kwana da kwanaki ba ya bacci amma ba ya gajiya, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi, jin shi ya fi kowa. Ina tambaya ne saboda yadda kika ce ya zuba jarinsa kaf har da na mutane, zai iya zama lissafin kasuwa ne kawai irin na kowa, amma in akwai wancan ɗin to wani ciwon ne daban kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, likita na buƙatar ya sani.

Maganin yana aiki, mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi. Akwai ƙwayoyi irin su amitiriftilin da fuloksetin, tsofaffin magunguna ne da aka daɗe da sani kuma ba su cika tsada ba, amma likita ne zai zaɓa, kar wanda ya je kemis ya sayo. Abin da ke sa mutanenmu su watsar shi ne ba ya aiki nan take, sai an yi sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, wani har sati shida, alhali bushewar baki ko jiri ko tashin zuciya tun kwanakin farko suke zuwa, sai a ce ka gani maganin ma ƙara masa ciwo yake. Ku daure, in abin ya yi yawa ku koma wajen likita ya canza. In ya warware kuma ba a tsayawa, ana ci gaba aƙalla wata shida bayan nan, kuma a hankali ake janyewa ba rana ɗaya ba, don kusan rabin waɗanda suka yi ciwon sau ɗaya yakan dawo musu. Maganin a hannunki zai zauna, ke za ki riƙa ba shi na ranar. Satittikan farko da ya fara samun ƙarfin jiki ki ƙara sa ido, don wani lokacin jiki kan riga zuciya warwarewa. In akwai mai ba da shawara a sashen, wanda za su riƙa zama suna magana, ku karɓa hannu biyu, haɗa maganin da irin wannan zaman ya fi ƙarfi ga ciwo mai tsanani.

A gida kuma ki rage "ka yi tawakkali" da "dubi wane", ya riga ya faɗa wa kansa waɗannan sau ba adadi. Ki ce masa na san ba da gangan kake yi ba, ciwo ne, kuma muna tare. Kar a jira sai ya ji sha'awar fita, sha'awar bayan motsi take zuwa. A fara da ƙarami, tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, sai magariba a masallacin layi tare da wani amininsa da zai biyo masa, in an kwana biyu ya raka yayansa kasuwa ya zauna awa ɗaya a rumfa ba ciniki ba riƙe kuɗi. Abinci kaɗan-kaɗan, kunu ko fura in tuwon ya gagara, kuma ku ci tare maimakon a ajiye masa kwano a fita. Yara ki ce musu Baba ba shi da lafiya ne ana masa magani, ba laifin da suka yi masa.

Ke ma ki samu mutum ɗaya a gidanku, Mama ko wata yayarki mai riƙe sirri, ki faɗa mata halin da ake ciki, don mai jinyar irin wannan ita ma ciwon na iya kama ta, in kin ga naki baccin ya fara gagara ki faɗa wa likitan a zuwan da za ku yi.

Yayan nan yau za ki kira shi, kar ki bari sai an gama taron wani biki ko an ga ƙarshen rubutun da ake sha. In kuma kafin ranar asibitin kika ga ya daina shan ko ruwa, ko ya fara yin sallama da mutane yana neman yafiya yana raba kayansa, ko da tsakar dare ne ku ɗauke shi sai sashen gaggawa. Bayan kun ga likita ki sake rubuto min ki faɗa min abin da ya ce.